Daga tuƙi zuwa aikin gini a bakin shekara 40: wace sana'a ce za ta riƙe ka?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce shekarunka 39, kana zaune a Makka da mai ɗakinka da 'ya'ya uku, ka yi shekara bakwai kana gyaran wayar salula kafin a mayar da wannan sana'a hannun 'yan ƙasa zalla a 2016, daga nan ka koma tuƙa motar wani kamfanin rarraba kaya. Yanzu baya ya fara damunka, albashi ya tsaya wuri ɗaya, kana so ka koyi ɗaya daga cikin sana'o'in gini, kuma mashawarta sun rabu: wasu sun ce tayil don kuɗinsa a hannu yake, wasu sun ce famfo, wasu sun ce wuta. Ni na fara ne da ɗaukar akwatin kayan aiki a bayan maigidana a Fagge, na shafe fiye da shekara 25 a wuraren gini tsakanin Jidda da Makka, yanzu kuma ina kula da ma'aikatan wuta da na famfo, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Shawarata ita ce ka koyi aikin wuta na gidaje, idan hannunka ya zauna kuma ka ɗora aikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kansa. Sai dai ba na so ka karɓi wannan don kawai ni na faɗa, domin wani mai irin shekarunka zai zo in ba shi wata shawarar dabam. Bari in shimfiɗa maka dalilan, ka auna da kanka.

Kafin maganar sana'a akwai maganar takarda, kuma a ƙasar nan ita ce gaba da komai. Abin da aka rubuta a iƙamarka, wato takardar izinin zamanka a Saudiyya, shi ne aikin da doka ta san ka da shi. Idan iƙama ta ce direba ne kai, aka same ka a kan tsani kana jan waya a gidan wani, ba za a tambaye ka ko aikin ya yi kyau ba. Sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana baƙon ma'aikaci yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauke shi, ya kuma hana shi yin aiki don kansa, kuma ƙarshen wanda aka kama tara ne da tsarewa da kora daga ƙasa. Na san 'yan'uwanmu da yawa a Shara Mansur da Misfala suna rayuwa da aikin bayan fage, ban kuma raina halin da ya kai su ga haka ba, amma mai mata da 'ya'ya uku a makaranta bai kamata ya kafa sabuwar rayuwarsa a kan abin da sintiri ɗaya zai iya rushewa ba. Hanyar da take a buɗe ita ce canza sana'a a iƙama, wanda kamfanin da kake ƙarƙashinsa ne yake nema ta manhajar Qiwa, ko kuma komawa wani kamfanin. Tun daga 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin aiki ba tare da yardar kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ba idan ya cika sharuɗɗa, kuma tun da kai a kamfani kake, ba direban gida ba, wannan sauƙin ya shafe ka. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatar ƙwadago, tare da hukumar horar da sana'o'i ta ƙasa, ta fara jarrabawar da ake kira fahasul mihani, wadda take da ɓangaren rubutu da ɓangaren aikin hannu, kuma wuta da famfo da sanyi da walda duk suna cikinta. Wannan jarrabawa alheri ce ga irinka, domin kana karatu da rubutu da Larabci, alhali da yawa daga cikin tsofaffin hannu da suka fi ka iya aiki nesa ba kusa ba a ɓangaren rubutun suke tuntuɓe.

Sai maganar jiki. Wanda bai taɓa wuni a wurin gini a watan Yuli ba, ba zai gane dalilin da ya sa gwamnati take hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba na kowace shekara ba. Kafin azahar rodi yakan yi zafin da ba a iya riƙe shi sai da safar hannu, kuma ko bayan ƙarfe uku kankaren da ya sha rana yana ci gaba da huro zafi a fuskar mutum har magariba. Birkila, da mai ɗaura rodi, da kafintan da yake kafa katakon zuba kankare, biyun ƙarshen nan su ne a nan ake kira haddad musallah da najjar musallah, su ne suke shan wannan rana tun daga tushen gini har rufinsa. Sana'o'i ne masu daraja, babu ginin da zai tashi sai da su, amma sana'o'in wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 ne, wanda kafin ya kai 40 ya zama shugaban ma'aikata yana nuni da hannu. Kai da za ka fara a 39 da ciwon baya, ka cire su daga lissafi.

Tayil kuma, da aka kwaɗaita maka, gaskiya ne kuɗinsa a hannu yake, saboda da mita ake biya, kuma mai sauri yana tashi da abin kirki. Abin da ba a gaya maka ba shi ne a durƙushe ake samun wannan kuɗin. Akwai wani mai tayil da muka yi aiki tare shekara da shekaru, mutumin da idan ya shimfiɗa falo za ka ɗora mizani ko'ina ka ga kumfar ta tsaya a tsakiya, idan ka zuba ruwa a banɗakin da ya yi kuma kai tsaye yake bin gangara zuwa magudana ba tare da ya kwanta a lungu ba. Kafin ya cika shekara 50 sai da ya koma yin salla a kan kujera. Ranar da na gan shi a masallacin unguwa yana jawo kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, na daina ba duk wanda ya haura 35 shawarar tayil. Ga shi kuma yanzu manyan fale-fale masu santimita 60 a 120 ake yayi, waɗanda ɗaga guda ɗaya ma aiki ne, ga ƙurar yanka da take zama a huhu idan ba a yanka da ruwa. Fenti da jibis sun fi sauƙi ga gwiwa, amma fenti kowa yana iya shiga cikin wata biyu, abin da kowa yake iya shiga kuwa farashinsa kullum a ƙasa yake.

Abu na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi, kuma a wurina ya fi sauran nauyi. Sana'o'in gini kashi biyu ne: akwai waɗanda aikinsu yake ƙarewa ranar da aka miƙa makullin gida, akwai kuma waɗanda a ranar ce aikinsu na gaskiya yake farawa. Yanzu kowa yana maganar manyan ayyuka, NEOM da Qiddiya da Dir'iyya, baje kolin duniya na Riyad a 2030, gasar kofin duniya ta 2034, da aikin babban titi da gine-gine mai suna Masar da yake ratsa Makka zuwa kusa da Harami. Duk gaskiya ne, kuma suna ɗaukar dubban ma'aikata. Amma wanda ya ga 2016 da 2017, lokacin da farashin mai ya faɗi, manyan kamfanonin gini suka kasa biyan albashi na watanni, ma'aikata suka yi ta zaman jira a sansanoni, ya san sabon gini yana tafiya ne da aljihun gwamnati. A waɗannan shekarun ban ga mai gyaran wuta ko mai famfo ko mai mukayyif da ya rasa abin yi ba. Mutum yana iya ɗage gina sabon gida shekara biyar, amma ba ya iya ɗage gyaran mukayyif kwana ɗaya a Makka a watan Agusta. Ka dubi otal-otal ɗin da suke Ajyad da titin Ibrahim Khalil, da dogayen gidajen alhazai na Aziziyya waɗanda ake bi ɗaki-ɗaki ana gyarawa kafin azumi da kafin aikin Hajji, saboda jami'an difa'ul madani, wato hukumar kashe gobara da kare lafiyar jama'a, ba sa barin a saukar da alhaji a ginin da bai cika sharuɗɗan tsaro ba. Wannan aiki ne da yake dawowa kowace shekara muddin ana zuwa ɗakin Allah.

To, tsakanin wuta da famfo da sanyi, me ya sa na zaɓa maka wuta? Saboda shekara bakwai ɗin da kake ganin sun tafi a banza a shagon waya. Wanda ya yi gyaran salula ya riga ya san mita, ya san bambancin layin da ya yanke da wanda ya haɗe, ya saba bin matsala mataki-mataki har ya kai inda take, ya kuma saba da haƙurin duba ƙaramin abu. Wannan shi ne abin da yake ɗaukar sabon yaro shekara biyu kafin ya shiga kansa. Fasa bango da jan waya a cikin bututu kowa zai koya a wata uku, kuma ba a nan kuɗin yake ba. Ana neman wanda za a kira a ce masa wutar hawa na huɗu tana faɗuwa duk bayan isha'i, ya zo ya buɗe tablon, wato akwatin makunnan wuta, ya auna nauyin da yake kan kowane layi, ya gane cewa an tara mukayyif uku da hita a layi ɗaya daga cikin layuka uku na gidan alhali sauran biyun suna zaune babu kaya, ya raba su, matsalar ta ƙare ba tare da an fasa ko bulo ɗaya ba. Irin wannan ma'aikacin yana ƙara tsada ne yayin da yake ƙara tsufa, kuma kusan duk aikinsa a inuwa yake.

Sai dai ina so in ja kunnenka da kyau a nan, domin sabon da ka yi da mita yana iya zama tarko. Batirin waya bai wuce bolt huɗu da 'yan kai ba, kuskure a kansa asarar kuɗi ce kawai. Wutar gida tana kisa. Kuma ƙasar nan tana da wani abu na musamman da ya kamata ka sani tun yau. Tun 2010 gwamnati ta yanke shawarar mayar da wutar gidaje daga tsohon tsari na 127 da 220 zuwa sabon tsari na 230 da 400, amma sauyin a hankali yake tafiya, kuma har yanzu tsofaffin unguwannin Makka da Jidda cike suke da gidajen da suke kan tsohon tsarin. A sabon tsari, soket yana da waya ɗaya mai rai da ɗaya nitiral. A tsohon tsari kuwa, ana samun 220 ne ta hanyar haɗa layi biyu masu rai, wato duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta. Wata rana a wani tsohon gida na tura wani mataimakina ya canza hitar banɗaki. Ya je tablon ya kashe makunni ɗaya, ya ga fitilar hitar ta mutu, ya tabbatar wa kansa babu wuta, ya kama waya da hannu yana tsaye a kan jiƙaƙƙen tayil. Ƙarar faɗuwarsa na ji daga falo. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi da ƙuna a yatsu biyu, amma laifin nawa ne tun da ban tsaya a kansa ba, kuma har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Tun daga ranar dokata ɗaya ce ga duk wanda yake ƙarƙashina: a gwada mita a wurin da aka san akwai wuta, a auna kowace waya da ƙasa, sannan a taɓa. Duk malamin da ka ga yana gwada waya da bayan yatsa, ko yana raina wayar atin mai kai wuta cikin ƙasa, wadda a nan ake kira ta'arid, ko yana cire makunnin kariya mai miliamfiya 30 saboda wai yana yawan faɗuwa, ka bar wurinsa ko da kyauta yake koya maka.

Ban raina famfo ba, kuma da a ce ba ka da tarihin gyaran waya da shi zan fara ba ka shawara. Ruwan Makka daga matatar Shu'aiba ake turo shi, kusan kowane gida yana da tanki a ƙasa da tanki a sama da injin tura ruwa a tsakani, kuma yoyo a cikin bango ko a tankin ƙasa yana bayyana a takardar kuɗin ruwa kafin ya bayyana a ido, shi ya sa masu gano yoyo ba sa zama. Haɗa koren bututun nan da ake narka bakinsa da zafin kusan digiri 260 ana koyonsa cikin kwanaki, amma sanin gangarar magudana, da matsa layi da ruwa a bar shi a ga ko ma'auni zai sauka kafin mai tayil ya rufe, wannan sai an daɗe. Abin da ya sa na sa shi a baya a wurinka shi ne durƙuso a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da shiga tanki da ɗaukar hita, waɗanda bayanka ba zai so ba. Walda kuma tana da kuɗi sosai ga wanda ya kai matakin waldar bututu da takardar shaida, amma kasuwarta tana Jubail da Yanbu, nesa da iyalinka.

Mukayyif na ce ka ɗora daga baya saboda rabin matsalolinsa na wuta ne: kafasita, da kwantakta, da allon sarrafawa na sababbin injuna masu inbata, wanda a wurin tsohon mai gyaran salula kamar komawa gida ne. Abin da zai rage maka shi ne ɓangaren gas, wato bambancin R22 da ake janyewa da R410A da R32, da yadda ake faɗaɗa bakin bututun tagulla, da zuƙe iska da injin kafin a saki gas, matakin da masu gaggawa suke tsallakewa har kwamfireso ya mutu kafin lokacinsa. Wanda ya haɗa wuta da sanyi, kamfanonin kula da otal suna riƙe shi da hannu biyu.

Yanzu yadda za ka shiga. Kada ka ajiye tuƙi gobe. Kuɗin masu rakiya, wato wanda baƙo yake biyan gwamnati a kan iyalin da suke zaune da shi, shi kaɗai riyal 400 ne a wata a kan kowane mutum, kai kuma kana da huɗu, wato riyal 1,600 kafin haya da cefane, don haka ba ka da sararin zama wata shida babu albashi. Ka nemi cibiyar horo mai zaman kanta wadda take da lasisin hukumar horar da sana'o'i, mai darasin dare, ka je da ƙafarka ka ga ɗakin aikinta kafin ka biya ko riyal ɗaya. Idan ka tarar da kujeru da allo kawai, babu tablon da ɗalibai suke kwancewa suna ɗaurawa, ka juya. A lokaci guda ka fara tambaya a cikin kamfaninku, domin kamfanin rarraba kaya yana da rumbuna da ɗakunan sanyi, kuma akwai masu kula da su. Komawa wannan sashen a matsayin mataimaki ita ce hanya mafi sauƙi ta canza sana'a a iƙama ba tare da ka canza kafili ba. Idan hakan bai yiwu ba, sai ka nemi kamfanin kula da gine-gine ko otal, ka tabbatar an rubuta kwantiraginka a Qiwa da sana'ar da za ka yi, ka kuma tabbatar an yi maka rajistar ta'aminat, wato inshorar ma'aikata, saboda ita ce take ɗaukar nauyin raunin da aka samu a wurin aiki, kuma kamfani ne yake biyan kashi 2 cikin 100 na wannan, ba a cire shi daga albashinka.

Akwai wani abu da ya fi jarrabawa wuya, gara in faɗa maka shi tun yanzu. Shekara ɗaya ko biyu za ka yi kana riƙe wa wani tsani, kana miƙa masa filaya, kuma mai yiwuwa wanda zai koya maka ɗan Pakistan ne ko ɗan Masar ko ɗan Bangaladash da ka girme shi da shekara goma, wani lokaci ya ɗaga maka murya a gaban mutane. Na ga dattawan da suka fi ka buƙata sun bar koyo a wata na biyu saboda wannan kaɗai. Gemu ba ya hana ilimi, amma sai mai gemun ya yarda ya zauna a gaban yaro. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, duk matsalar da kuka je gyarawa ka rubuta alamarta da abin da aka auna da abin da aka samu. Bayan shekara za ka ga littafin ya fi takardar cibiya amfani. Ka kuma sayi kayan aikinka da kaɗan-kaɗan, ka fara da mita mai kyau mai matse waya da sukudireba masu rufin bolt 1,000, kada ka yi arha a waɗannan biyun. A ƙiyasina, mai irin tarihinka yana iya tsayawa da ƙafarsa a gyaran wutar gida cikin shekara biyu, ya ƙara ɗaya ko biyu kafin a ba shi gini sukutum.

Ka ambata a ƙarshen tambayarka cewa kana tunanin wata rana za ku koma gida, kuma wannan ma yana cikin abin da ya sa na karkata ga wuta. Soket mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan shi ne na Najeriya, kuma bolt 230 na sabon tsari shi ne na can, don haka hannunka ba zai zama baƙo ba. Bambancin da za ka riƙe shi ne wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan kuwa sau 50, shi ya sa mukayyif ko injin ruwa da aka saya a Jidda aka kai Kano yakan yi rauni ya riƙa zafi idan ba an ƙera shi don duka biyun ba, kuma 'yan'uwa da yawa sun yi asarar kuɗin kaya da na jirgi a kan wannan. A can za ka nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da shaidar hukumar NEMSA ta masu haɗa wuta, kuma za ka tarar kasuwar sola da inbata da batir tana jiran wanda ya san lissafin nauyi da kaurin waya. Saboda haka duk takardar shaidar aiki da kamfani zai ba ka a nan, ka karɓa da hatimi ka adana. Idan ka samu cibiyar da kake so ka shiga, ka turo mini jerin darussanta in duba maka kafin ka biya. Allah ya yi maka jagora, ya kuma ba ka lafiyar bayan.